Haƙori Ɗaya

Kwana uku injin nan ya yi a rumfar Arzika,
can Mabera, gindin darbejiyar da ke ara mana inuwa.
Na aske ciyawa ne, na wata makaranta a Arkilla;
ruwa ya zauna, filin ƙwallonsu ya kai gwiwa.
Mai gadinsu, Baba Maidabo, ya turo shi a baro,
ya ce, "Wanga abu ya hi ni tsuhwa, ku lallaɓa shi,
Assabar yara ka wasa, kar ku ci min mutunci."

Na kwance shi ƙusa bayan ƙusa,
na jera hanjinsa a murfin tsohuwar langa.
Na sa wa fistin sabon zobe, na goge bakin bawul,
gaskit kuwa da almakashi na yanko shi a kwali.
Na zuba baƙin mai, na ɗaure kai tamau,
na ja da baya ina kallo, hannu a ƙugu,
ina jin yau na shiga sahun manya a makanikanci.

Na ja igiya.
Ya yi tari ɗaya, ya yi gum.
Na ƙara ja, ya fizge ta
kamar jakin da aka taɓa wa gyambo.
Kafaɗa ta amsa, yatsu biyu suka kumbura,
kabureta ta tofo wuta ta baya, hayaƙi ya cika min hanci.

Na ce fulogi ne. Na sayo sabo, bai sauya zani ba.
Na ce ɗan bumburutu ya gauraya man da kananzir,
na tsiyaye tanki, na zagi mutumin da bai ji ba bai gani ba.
Kabureta sau huɗu tana wanka.
La'asar ta wuce, tuwona ya sandare a kwano,
bakina ba ya jin komai sai ɗaci.

Arzika yana kan benci, yana ta rufe masa ido ɗaya.
Ya ce, "Haliru, ja shi in jiya."
Ya ɗora tafinsa kan murfi kamar mai duba zazzaɓi.
"Mai na zuwa, iska na zuwa, wuta na zuwa,
amma kowa da sa'atai.
Baƙi ukku ka gayyato,
guda ya iso tun ba a shimfiɗa tabarma ba.
Buɗe cikinai. Bari ganganci."

Na sake zubar da man da na zuba da alfahari.
Ga giya biyu, babba da ƙarama,
kowace da ɗan ɗigo a goshi, ya kamata su dubi juna.
Nawa sun saɓa.
Haƙori ɗaya tak.
Na ɗaga, na juya, ɗigo ya gaida ɗigo,
na rufe ina murmushin takaici.

Na ja. Ya kama, ya yi gurnani, ya sake harbina.
"Saura," in ji tsoho. "Hid da hulawil."
A ƙarƙashinsa ga ɗan makullin nan na farin ƙarfe,
bai kai ƙwayar gyaɗa ba,
ya tsage rabi, ya goce gefe,
shi ke sa tartsatsi riga fistin isa.
Daga baya Maidabo ya yarda wuƙar ta taɓa cin kututture,
bai faɗa ba don gudun faɗan shugaban makaranta
da yankan kuɗin abinci.

Sabon makulli, ja ɗaya.
Ƙarar ta miƙe sumul, tantabaru suka tashi daga kwano.
Na jira yabo.
Arzika ya miƙo hannu: "Sifana ta goma, ina ka aje ta?"

Ran Asabar na bi ta Arkilla a keke,
yatsuna ɗaure da tsumma.
Ƙanshin ɗanyar ciyawa ya tsallako katanga,
na ji usur, na ji ihu,
an tashi wasa a kan lokaci.